Ranka Shi Daɗe, Sarkin Kyauta na Kan Katanga

Ƙasar Kebbe ta ga masu kyauta. Ta ga manomin da zai fitar da zakkar gero ya ɗora dami biyu a kai don Allah, ta ga attajirin da ke kayar da sa ran Sallah ya raba wa unguwa, ta kuma ga manyan baƙin nan masu zuwa sau ɗaya a shekara huɗu da taliya da sabulu da turmin atamfa mai hoton fuskarsu. Amma tun da aka sari garin Fakku ba a taɓa saukar da baƙo mai sakin hannu irin wanda yanzu ya hau katanga ya harɗe ba. Farantin tauraron ɗan Adam nake nufi, dishi a bakin yara, farar tasa mai kallon sama, uban tashoshi ɗari, mai bayarwa dare da rana wanda bai taɓa aiko yaro karɓar kuɗin wata ba. Ranka shi daɗe, Sarkin Kyauta, kunnen ƙarfe mai jin maganar Misira daga bayan rumbu, maroƙin sama da ba ya dawowa hannu rabbana.

Ku dubi girman asalinsa. Can sama, nisan kusan kilomita 36,000, daidai kan layin da ya raba duniya biyu, akwai wasu na'urori da ke zagaye da sauri daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa mai duba su daga nan yake ganin kamar an kafe su wuri guda. Gidajen talabijin na harba musu hoto, su kuma su zubo shi ƙasa kamar yayyafi, kan bene da kan bukka ba bambanci. Wasu tashoshin an garƙame su da kwaɗo, sai mai kati da kuɗin wata. Waɗannan na manya ne: a watan Maris na 2025 babban ƙunshin DStv ya kai naira 44,500 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, ga wanda ma yake da albashin. Wasu kuwa an bar ƙofarsu a buɗe, kowa ya shiga ya ɗiba. Su ne rabonmu, kuma rabo ne mai albarka, don duk abin da mai shi ya tabbata ba mai saye, mu yake tunawa da shi.

Kyauta ce tsantsa, ba gauraye. Abin da kawai ake bukata wajen mai karɓa shi ne ya sayi farantin, ya sayi ɗan kan nan da ke tsaye gabansa wanda masu sana'ar ke kira LNB, ya sayi waya mai isa daga katanga zuwa ɗaki, ya sayi dikoda, Strong in yana son a gan shi da mutunci, ya sayi akwatin talabijin, ya sayi siminti a kafe ƙarfen kada iskar bazara ta kai shi Gummi. Kayan sun taso daga Sin, sun sauka kasuwar Alaba ta Legas, sun bi hannun ɗan kasuwa bayan ɗan kasuwa kafin su iso Sakkwato ko Jega ko Tambuwal, kowane hannu ya shafi albarkarsa. Sai kuma ɗan abin da ba a rasa ba, wato wuta. Mai martaba ba ya aiki cikin duhu, masu wuta kuwa mutane ne masu kunya, ba su cika yawan zuwa gidajen jama'a ba, musamman gidajen ƙauye. Saboda haka sai janareta, janareta kuma sai fetur, fetur kuwa tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafinsa ya shiga sahun turaren da ake ɗiga wa a hankali. Mai dabara ya sayi sola da batir. Akuya biyu, ko buhunan gero kaɗan, sun wadatar. Ina aka taɓa jin kyauta mai daraja irin wannan, wadda sai mutum ya sayar da dabbar matarsa kafin ya cancanci karɓarta?

Ranar naɗi kuwa ranar kallo ce. Mai saiti, wazirin fada, ya zo bisa babur da sufana da ɗan talabijin a rataye, ya hau tsani, unguwa ta taru a ƙasa. Alƙibla tana gabas, amma shi kudu yake nema, ya ɗan karkata yamma in Nilesat na Misirawa ake so, ya karkata gabas in Arabsat ne ko wani daga cikin taurarin Eutelsat na Faransa. Maigida na bakin ƙofar ɗaki, ido kan akwati.

"Kawu, ya kawo?"

"Bai kawo ba, ɗana. Murɗa shi kaɗan."

"Yanzu hwa?"

"Tsaya nan! Kak ka motsa! A'a, ya ɗauke."

Kaurin ɗan yatsa ya isa ya raba gida da duniya baki ɗaya. Idan hoton ya tsaya, mata su rangaɗa guɗa, yara su yi tsalle, a sallami waziri da abin da ya sauƙaƙa. Kuma sarki mai zumunci ne, ba ya bari a manta da wazirinsa. Bayan 'yan makonni sai wata tasha ta sauya lamba cikin dare ba sallama, ko iska ta ture faranti, ko ɗan akuya ya tauna waya, a sake kiran waziri, a sake abin da ya sauƙaƙa. Masu kuɗin wata su sun san ranar biyansu, abin tausayi, ba su san daɗin ba-zata ba.

To, me sarki ke rabawa? Komai da komai. MBC, wadda aka kafa a Landan a 1991 ta koma Dubai a 2002, ta buɗe mana taskarta: tashar finafinan Amurka, tashar faɗa da tseren motoci, tashar yara, da tashar finafinan Indiya da aka fassara wa Larabawa. Ga hikima: ɗan Indiya na kuka da Indiyanci, an rubuta kukan da Larabci, Bahaushiya na Fakku na taya shi da hawaye, ba wanda ya ji abin da wani ya ce, kuma kowa ya gamsu. Amaren garin sun san sunan kowace uwar miji a Mumbai da irin makircinta. Yaro ɗan shekara bakwai wanda ajinsu ba rufi, wanda bai iya rubuta sunan ubansa ba, ya haddace tallar man wanke gashi da Larabcin Dubai, har da karin muryar. Al Jazeera, da ke watsowa daga Doha tun 1996, tana kawo mana ambaliyar Pakistan da zaɓen Amurka da farashin gangar mai, a daidai lokacin da suke faruwa. Dattijon da bai taɓa wuce Bodinga ba yana iya gaya maka ko an yi dusar ƙanƙara a Turkiyya jiya.

Amma babbar baiwar sarki, wadda ta sa na ɗauki alƙalami, ita ce rufin asiri. Ka ɗauki rimot ka bi tashoshin nan ɗai-ɗai, daga ta farko har ta ƙarshe, ka dawo ka sake bi. Za ka ga hamadar Larabawa da tekun Turawa, ka ga masu dafa kifi a Labanan, ka ga raƙuma na tsere. Fakku ce kaɗai ba za ka gani ba. Wannan ita ce kunya ta 'ya'yan manya. Baƙo marar tarbiyya da ya ci tuwonka sai ya fita yana ba da labarin ɗakinka: ya ce hanyar ta lalace, ya ce mai naƙuda bisa babur ake ɗaukar ta a nemi asibiti, ya ce takin gwamnati a bakin masu jawabi ya tsaya, ya ce akwai gonakin da masu su ke tsoron zuwa saboda mutanen daji. Sarkin Kyauta bai taɓa yin wannan tonon silili ba. Shekara da shekaru yana zaune kan katangarmu, yana sama da kowa, duk abin da ke faruwa a gari a gabansa ake yi, amma ko da wasa bai taɓa furta sunanmu ba. Allah ya ƙara sutura.

Haka kuma ba ya wahalar da manomi da ƙananan maganganu. Yaushe damina za ta sauka bana, kuma za ta yi tsawo ko za ta yanke? Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da bayanin haka duk farkon shekara, amma sarki ya san ilimi irin wannan na sa mutum tunani, tunani kuwa na hana barci. Nawa buhun albasa ya kai a Aliero, nawa shinkafa a Jega, wace tsutsa ce ke cin masara kuma mene ne maganinta, wace rana masu rigakafi za su zo? Waɗannan hirar talakawa ce, ba ta fada ba. Fada tana da abin da ya fi: yadda ake yi wa kare aski a Amurka.

Kada a ce ba a jin Hausa. Ana ji, har ana ƙoshi. A 2014 aka buɗe Arewa24, da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, don manyanmu sun yi kawaici sun bar wa baƙi ladan yi wa talakan Arewa magana da harshensa. Ta kawo Daɗin Kowa, ta kawo Kwana Casa'in, jama'a suka rungume su hannu biyu, domin mai ƙishirwa ya ga ruwa. Albarkacin haka yau matasan Fakku sun san siyasar jihar Alfawa ciki da waje. Sun san wanda ya ci kuɗin asibiti a Alfawa, sun san makircin Bawa Maikada, suna musu a kai a teburin mai shayi har a kusa ba hamata iska. Alfawa dai babu ita a taswira. Ƙaramar hukumar Kebbe tana nan a taswira, kuma duk wata ana ware mata kaso daga asusun tarayya, amma sarki ya hutar da mu daga sanin ko nawa ne, balle inda ya shiga. Ai fushi da gwamnan wasan kwaikwayo ya fi lafiya: ba a kama kowa, kuma mako mai zuwa akwai ci gaba.

Sai mu zo kan masu ciyar da fadar, don ko sarki ba ya rayuwa da iska. Tashar da ba ta karɓar kuɗin mai kallo, idon mai kallon take sayarwa, kuma an samu masaya na kirki. Ga bawan Allah nan cikin babbar riga, kwalabe jere gabansa, lambar waya na gudu a ƙasan hoto. Kwalba ɗaya tak: basir, sanyi, hawan jini, ciwon suga, daji, rashin haihuwa, raunin mazakuta, har da ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun ɓata shekaru suna karatu, kowa ya ƙare da sanin gaɓa ɗaya ta jiki. Wannan gwani shi ya haɗe su duka cikin roba ɗaya, kuma yana aikowa ta motar haya. Tsohon da ƙafarsa ta kumbura ba sai ya sha wahalar hanyar Shagari zuwa Sakkwato ba. Ya tura kuɗin, ya sha da safe da dare, ya jira ikon Allah. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin magunguna, ita ma ta san girman baƙo, ba ta cika katse masa magana ba.

Ilimi ma an sauƙaƙa shi. A da, a wannan ƙasa tamu, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, sai da ta tara matan da ake kira jaji, ta koyar da su, ta ɗaura musu malfa, suka riƙa takawa ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, suna zama da su, suna sanin damuwar kowace. Wahala ke nan: ga tafiya, ga rana, ga sauraron tambaya. Yanzu sarki ya ɗauke wannan nauyi. Kowane ɓangaren malamai da tasharsa, wannan ya yi wa wancan raddi bayan Magariba, wancan ya rama bayan Isha'i, a wayi gari wa da ƙane da suka shekara talatin suna sahu ɗaya kowa ya gano ɗan'uwansa ɓatacce ne. Kuma akwatin na da wata falala da jaji ba ta da ita: ba a iya ɗaga masa hannu a ce, Malam, ban gane ba.

Ba zai yi kyau a yabi sarki a manta da waɗanda suka share masa fage ba, wato gwarazan Abuja, sarakunan haƙuri, masu alkawari da igiya mai tsawo. A 2006 ƙasashe suka taru a Janiba suka amince a bar tsohon tsarin watsa talabijin a koma na dijital kafin 17 ga Yuni 2015, yadda mai ƙaramar eriya zai kama tashoshi da yawa tangaran, har da na jiharsa, masu maganar garinsa. Najeriya, da yake ba ta son a riga ta, ta ce ita 2012 ma za ta gama. 2012 ta zo ta gaishe mu ta wuce. 2015 ta bi sawunta. Aka ce 2017, ita ma ba ta ƙi wucewa ba. A cikin waɗannan shekaru mazaɓarmu ta Kebbe da Tambuwal har Kakakin Majalisar Wakilai ta ba ƙasa, Aminu Waziri Tambuwal, daga 2011 zuwa 2015, mutanen Fakku kuma suka samu alfarmar jin sunan mazaɓarsu a labarai, wanda shi ne mafi kusancin da garin ya yi da shiga akwati. A ƙarshen Afrilu 2016 aka ƙaddamar da shirin a Jos, da kiɗa da jawabi. Ya je Abuja, ya je Ilori da Kaduna, ya je Inugu da Oshogbo, ya huta, ya je Legas, ya iso Kano a Nuwamba 2021. Jos zuwa Kano, tafiyar da direban haya ke yi tsakanin hantsi da La'asar, shirin ya yi ta cikin shekara biyar da rabi, cikin natsuwa irin ta manya, ba gaggawa ba tuntuɓe. Wanda ya san nisan Kano da Sakkwato, da nisan Sakkwato da Fakku, sai ya yi wa jikokinsa albishir. Akwatin shirin ma suna mai daɗi aka raɗa masa, FreeTV, talabijin na kyauta, sannan aka yanka masa kuɗin shekara, don kada kyautar ta yi wa talaka nauyi a zuciya.

Sama ma ba a bar ta ba. A Mayu 2007 aka harba mana namu tauraron sadarwa, NigComSat-1, daga ƙasar Sin. Tauraro ne mai tawali'u, bai son duniya: a Nuwamba 2008, bayan wata goma sha takwas, ya yi shiru har abada. Aka harba magajinsa a Disamba 2011, yana can yana zagaye cikin mutunci, farantan ƙauyukanmu kuwa, saboda ladabi, ba su cika ɗaga ido su dube shi ba. Da Sinawa suka ga haka, shugabansu ya yi alkawari a Johannasbag a 2015 cewa za a kai talabijin na tauraro ƙauyuka 10,000 na Afirka, aka ware wa Najeriya 1,000, kamfanin StarTimes ya raba dikoda. Aka ɗanɗana wa mutane zuma na ɗan lokaci, sannan aka nuna musu inda ake biyan kuɗin wata. Kowa dai na ƙaunar talakan ƙauye, har rasa inda zai sa kansa yake yi.

Ƙwallo kuwa, abin da samari suka fi so, sarki ya san ba a ba yaro duk abin da ya nema. Manyan wasannin Ingila da na zakarun Turai yawanci a kulle suke. Sai dai a bi dare ana tura wa juna wasu lambobin sirri ta waya, a zauna da rimot ana dannawa ɗai-ɗai kamar mai jan carbi, tasha ta buɗe kwana biyu, ran wasan ƙarshe ta rufe. Daga nan kowa ya lalubi aljihu ya nufi gidan kallo. Tarbiyya ke nan: yaro ya tashi ya san cewa ƙofar baya ita ce ƙofa.

Ga shi da sanin ya kamata. Da hadari ya haɗo daga gabas, tun kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa, hoton zai fara kakkaryewa gida-gida, fuskar jaruma ta rabe huɗu, murya ta sarƙe, sai kalmomin Turancin nan biyu da ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san fassararsu: babu sigina. Ruwan sama na shanye irin saƙon da ƙananan farantai ke kamawa. Wato a daidai daren da kowa ke ɗaki, ba gona ba kasuwa ba hira a waje, a daren ne sarki ke janyewa ya bar iyali su saurari yoyon rufinsu cikin natsuwa.

A daren da ba hadari kuwa, daren da aka ji ƙarar babura daga wajen daji a lokacin da ba mai zuwa biki, nan ake ganin cikar sarauta. Maigida ya yi wuf ya kashe janareta kada ƙara ta nuna gidan. Uwa ta toshe bakin jariri da nono. Samari su lallaɓa bayan katanga suna kasa kunne, wani na neman sabis a waya yana ɗaga ta sama, a rasa wanda za a kira. A can tashar da aka katse, ana tsakiyar bikin aure a wani gidan sarauta na Indiya, an kunna fitilu dubu, amarya na saukowa daga bene. A nan gari ya yi tsit, ko kare ya haɗiye haushinsa. Shi kuwa mai martaba yana bisa katanga, fari tas cikin hasken farin wata, ƙirji a buɗe, fuska a sama wajen kudu maso yamma, ko sau ɗaya bai sunkuyo ya dubi tsakar gida ba.